Yadda Na Koma Ɗaukar Kiɗan Jita da Kunne

Shekara biyu na yi ina koyon jita da ido kafin in fara koyonta da kunne, kuma sai da wani dattijo ya saurare ni sannan na fahimci tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu. A waɗancan shekarun, duk kiɗan da ya burge ni sai in shiga intanet in nemo takardarsa, irin wadda ake zana layuka shida a madadin tsirkiyoyin jita guda shida, a jera musu lambobi masu nuna gurbin da za a danna yatsa. Takardar ba ta da wahalar bi, domin duk wanda ya iya ƙirga zai iya ɗora yatsa inda aka ce ya ɗora, ko da bai taɓa jin kiɗan da kunnensa ba. Ta wannan hanya na tara kiɗe-kiɗe da dama a hannuna, har abokai suka fara cewa hannuna ya faɗa.

Dattijon da nake magana a kansa ya yi shekaru yana kaɗa jita a cikin wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal-otal na Kaduna da Jos tun kafin a haife ni, yanzu kuma gyaran rediyo da amfilifaya yake yi a wani ɗan shago. Na kai masa amfilifayata da ta fara ƙugi, da ya gama gyaran sai ya ce in jona jita in gwada a gabansa. Na kaɗa masa abin da na fi ji da shi a lokacin, wato wani solo na Charlie Christian, makaɗin jitar jaz na Amurka, irin wurin nan da sauran makaɗa ke sassautawa su bar mutum ɗaya ya faɗi abin da ke ransa da kayan kiɗansa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye, sukundireba a hannunsa, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, a takarda ka samo wannan, ko ba haka ba?" Na ce, "Haka ne, Baba, ta yaya ka gane?" Ya ce, "Haruffan sun cika, ba ka bar ko ɗaya ba, sai dai kamar baƙo ne ya ɗauki jaridar Hausa yana karantawa. Ka koma ka saurari mai kiɗan."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin misalin da ya kawo ya dace da abin fiye da yadda na ɗauka da farko. Rubutun Hausa na boko da muke yi kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar "wuya" a rubuce ɗaya ce, ko wuyan da ke ɗauke da kai ake nufi ko wuyar aiki, amma a baki ta farko tana farawa sama ta sauka, ta biyu kuma tana farawa ƙasa ta hau. Bahaushe ba ya tuntuɓe a kan wannan idan yana karatu, saboda ya riga ya sha harshen a nono, abin da takarda ta bari shi yake cikawa ba tare da ya lura ba. Wanda bai taɓa jin Hausa ba kuwa, ko ya furta kowane harafi daidai, abin da zai fito daga bakinsa ba zai yi kama da maganarmu ba. Haka ma rubutacciyar waƙa, ana iya karanta baitocinta a littafi, amma raujinta sai an ji daga bakin mai rerawa. Takardar kiɗan jaz ita ma haka take: an rubuta ta ne domin wanda ya riga ya san karin harshen, ni kuwa na ɗauke ta a matsayin malami alhali tunatarwa ce kawai.

Da na bi tarihin mutanen da suka gina wannan kiɗa a Amurka, sai na tarar cewa hanyar da dattijon ya nuna mini ita ce tasu tun asali. Lester Young, mai busa saksafon a ƙungiyar Count Basie, ya faɗa da bakinsa cewa faya-fayen wani mai busa saksafon, Frankie Trumbauer, ya riƙa saurare yana kwaikwayo lokacin ƙuruciyarsa. A shekarar 1937 kuma, Charlie Parker, shi ma mai busa saksafon, yana ɗan shekara 16 zuwa 17, ya tafi aikin kiɗa na 'yan watanni a yankin duwatsun Ozark da ke jihar Missouri, ya tafi da faya-fayen Basie, ya haddace busar Lester Young sauti bayan sauti, ya dawo Kansas City da hannun da ba a san shi da shi ba. Shi ma Charlie Christian, wanda aka haifa a 1916 ya tashi a Oklahoma City, busar Lester Young ce ta zauna masa a kunne, shi ya sa da ya sami jita mai lantarki, wadda sautinta ke iya tashi sama da na ganguna da ƙahoni, ya riƙa kaɗa ta kamar mai busa, sauti ɗaya bayan ɗaya, da dogayen jimloli da wuraren numfashi. Ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a watan Agusta na 1939, tarin fuka ya yi ajalinsa a watan Maris na 1942 yana da shekara 25, ke nan duk abin da ya bari a faifai bai kai aikin shekara uku ba.

Wannan ɗan abin da ya bari shi ne makarantar Wes Montgomery na Indianapolis, wanda ya sayi jita mai tsirkiya shida yana dab da shekara 20 bayan ya ji faifan Christian. Da rana yana aikin walda, da dare yana zaune gaban garmaho yana ɗaga allura yana mayarwa, har ya haddace solo-solon Christian, kuma aikin kiɗa na farko da ya samu shi ne ya hau dandamali ya kaɗa su yadda suke. Bai dogara da rubutun kiɗa ba, da babban yatsansa kuma yake kaɗawa domin kada ƙarar ta dami mutane cikin dare, daga baya wannan taushin sauti ya zama shaidarsa. Montgomery bai yi zaman ɗalibi a gaban Christian ba, amma duk mai kunne ya san daga wurinsa ya ɗauki karatu, faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti, wanda gefensa ɗaya ba ya wuce kimanin minti uku, shi ne ya tsaya a tsakaninsu.

Sai na ajiye takardun, na koma kan solon nan da nake ganin na iya. Abu na farko da na yi shi ne na rataye jita, na yi mako guda ban taɓa ta ba, ina sauraron wurin kawai, a hanyar zuwa aiki da dawowa, da kuma bayan sallar isha'i idan gida ya yi tsit. Solon bai kai minti ɗaya ba, saboda haka a zama ɗaya nakan ji shi sau ashirin ko fiye. Daga nan na fara bin sa da baki, ina rerawa tare da faifan, ina kashe sautin in ci gaba ni kaɗai, sannan in kunna in ga ko mun haɗu a wuri ɗaya. Wannan mataki na rerawa shi ne wanda na fi son tsallakewa, domin hannu yana ƙaiƙayin ya kama jita, amma na lura cewa duk jimlar da ban iya rera ta ba, idan na je nemanta a wuyan jita lalube kawai nake yi, in taɓa nan in taɓa can har in dace. Jimlar da ta zauna a baki kuwa, da zarar na sami sautinta na farko sauran sukan biyo baya da sauƙi, saboda na riga na san inda za ta hau da inda za ta sauka.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi komai koya mini darasi a duk wannan aiki. Akwai wata gajeriyar jimla mai sauti biyar a kusa da tsakiyar solon, wadda na rera ta kwana da kwanaki a matsayin so, mi, re, mi, do, ina da tabbacin daidai take. Idan na kaɗa ta ni kaɗai tana da daɗi, ba ta da wani aibi, amma da zarar na kaɗa ta tare da faifan sai in ji wani ɗan gogayya a sauti na biyu da na uku, kamar ƙofar da ba ta zauna daidai a gurbinta ba. Na zargi saitin jitata, na sake ɗaure tsirkiyoyin, na zargi tsufan faifan, abin dai bai gushe ba. Sai a dare na goma sha wani abu, da na ware wannan wuri kaɗai, wanda bai fi daƙiƙa biyu ba, na sa shi yana maimaita kansa, na ji abin da ke wurin tun farko: sauti na biyu ba mi ba ne, sautin fa ne, na uku kuma wani sauti ne da ke zaune tsakanin re da mi, a gurbin nan na tsakiya, daga shi ne ake zamewa a hau mi.

Abin lura shi ne ban yi kuskure a siffar jimlar ba. Ta sauka, ta ƙara sauka, ta ɗan hau, sannan ta sauka, kuma haka na ji ta tun ranar farko, ina ganin kunnen da ya tashi cikin harshe mai karin sauti, wanda ya saba jin kalangu yana kiran sunan mutum da kirarinsa, ba ya wahala wajen kama hawa da sauka. Inda kunnena ya yaudare ni shi ne girman takun. Yawancin kiɗan da na tashi ina ji a rediyo da wuraren biki a kan sautuka biyar yake tafiya, saboda haka da kunnena ya gamu da baƙon sauti sai ya ja shi zuwa mafi kusa daga cikin waɗanda ya sani, ya miƙo mini a matsayin abin da ya ji. Wani abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne, da na koma na duba tsohuwar takardata, sai na ga lambobin da ke ciki daidai suke, yatsuna sun yi shekara guda suna danna waɗannan sautuka biyu, amma kunnena bai taɓa saninsu ba. Tun daga wannan dare nake jin wannan ɗan zamewa a ko'ina cikin kiɗan jaz da bulus, a jita da fiyano da saksafon, kamar sabuwar kalma da mutum ya koya yau, gobe ya ji ta a bakin kowa a kasuwa.

Bayan sautuka sai lokaci, wanda shi ne ainihin abin da dattijon ya ji babu a kiɗana. A takarda ana rubuta sautuka biyu da ke cikin bugu ɗaya kamar tsawonsu ɗaya, amma a jaz na farko ya fi na biyu tsawo, kuma yawan fifikon yana sauyawa da saurin kiɗan: idan ana tafiya a tsaka-tsaki na farko yakan kusa ninka na biyu, idan gudu ya yi yawa sai su kusa daidaita. Akwai kuma sautukan da ake haɗiyewa, a taɓa su da kyar, ana jin inuwarsu kawai, da waɗanda ake dannawa da ƙarfi a wurin da ba a zata ba. Waɗanda suka ga Christian yana kiɗa sun ce yawanci ƙasa yake buga tsirkiya, ba ya cika yin sama da ƙasa ba, da na gwada haka sai na ji nauyin sautin ya matso kusa da nasa. Ita ma jita tana da tata matsalar da mai fiyano bai sani ba, wato sauti ɗaya yana zaune a wurare da dama. Sautin da siririyar tsirkiya ta farko ke bayarwa a sake, ana samun sa a gurbi na 5 na tsirkiya ta biyu, da gurbi na 9 na ta uku, da gurbi na 14 na ta huɗu, kuma kowanne da irin muryarsa, domin kaurin tsirkiya yana ƙara wa sauti duhu. Saboda haka bayan an gano sautin, sai an sake kasa kunne a gano inda mai kiɗan ya ɗauko shi, kuma sau da yawa idan jimla ta yi wa yatsu wahala fiye da kima, alama ce ta cewa a wani wuri dabam aka kaɗa ta.

Game da rage saurin faifai, ra'ayina ya sauya sau biyu kafin ya tsaya. Mutanen da can ma suna yi: wasu na'urorin faifai suna da saurin 16 da ɗoriya, wanda yake rabin saurin 33 da ɗoriya na dogon faifai, kuma idan aka rage sauri da rabi kowane sauti yakan faɗa zuwa takwaransa na ƙasa, mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ya koma 220. Dattijon ya ba ni labarin nasu zamanin na kaset, yadda suke zare kaset ɗin su mayar da shi baya da biro domin kada batir ya ƙare, da yadda idan batir ya yi sanyi kiɗan yakan yi nauyi ya sauka, sai sun sassauta tsirkiyoyi sun bi shi. Yau YouTube yana ba mutum damar rage sauri zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari ba tare da sautin ya sauka ba, manhajar Audacity ma kyauta ce kuma tana yin haka, har da ware wuri ɗaya a maimaita shi. Ina amfani da su, amma sai bayan na yi iya ƙoƙarina a saurin asali, kuma da wuya in sauka ƙasa da kashi 75, domin idan aka ja kiɗa da yawa bugun farkon sauti yakan narke, nauyi da sauƙin da nake nema su ɓace, a bar ni da jerin sautuka tsirara, wato abin da takarda ta riga ta ba ni.

Rubutu shi ne na ƙarshe a wurina. Sai solo ya zauna a baki da hannu, na iya kaɗa shi tare da faifan har in daina jin jita biyu, sannan nake buɗe littafina in rubuta shi da do re mi, in ja layi a ƙarƙashin wuraren da ake dannawa, in kewaye waɗanda ake haɗiyewa. Wannan rubutu yana yi mini amfani idan watanni sun wuce na manta wani wuri, domin ni ne na ji kiɗan, da na ga alamar sai muryar ta dawo.

Wani abokina ya taɓa ce mini duk wannan wahala kwaikwayo ce kawai, mai son ya zama makaɗi ya nemi nasa. Na fahimci damuwarsa, domin akwai masu haddace solo hamsin amma idan aka ba su fili sai su yi ta jero guntayen maganar wasu. Sai dai ban ga inda ake samun nasa ba tare da an fara da na wani ba. A gidajen makaɗanmu yaro yakan yi shekaru yana bin ubangidansa, yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana kaɗa abin da ya ji an kaɗa, kafin a ce ya kama gabansa, kuma babu mai ce wa wannan ɓata lokaci. Parker bai ƙare a matsayin inuwar Lester Young ba, Montgomery ma ya kai inda duk wanda ya ji shi zai gane shi tun daga jimlar farko. Abin da na ga yana hana mutum tsayawa a kwaikwayo shi ne ya ɗauki jimla ɗaya daga cikin abin da ya haddace ya yi ta juya ta, ya kaɗa ta daga wani sautin dabam, ya fara ta a wani bugun, ya yanke mata wutsiya ya sa tasa, har ta daina zama baƙuwa a hannunsa.

Da kunnena ya ɗan buɗe, na gwada wannan aiki a kan kiɗan gida, na ɗauki wani faifan marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, na ce bari in ɗora kuntiginsa a kan jita. Na zaci abu mai tsirkiya ɗaya da aka yi da gwangwanin kifi da fata ba zai ɗauke ni kwana biyu ba, sai ga shi ya riƙe ni makonni. Kuntigi ba shi da ƙarafan da aka gicciya a wuya irin na jita, yatsa ne ke yanke inda sauti zai tsaya, saboda haka akwai wuraren da na ji sautin bai faɗa daidai kan gurbina ba, sai na ɗan ja tsirkiya kafin mu haɗu. Hannun damansa kuma yana yin aikin ganga da na tsirkiya a lokaci guda, yadda kiɗan ke shiga tsakanin kalmomin waƙar yana ba su amsa. Na yi shekaru ina jin wannan kiɗa tun ina yaro, amma sai da na zauna zan ɗauke shi da hannuna na san yawan abin da ke cikinsa.

Faifai yana da iyakarsa, kuma ya kamata a faɗa. Ba ya gajiya da maimaici, amma ba ya ce wa ɗalibi ya yi kuskure, kuma abin da ya kama na rana ɗaya ne, domin a inda aka adana ɗauka biyu ko uku na kiɗa ɗaya za a ji Christian ya sauya abin da ya kaɗa daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa nake ɗaukar kaina da waya in saurara washegari, lokacin da kunne ya huta, kuma shi ya sa bayan wata uku na koma shagon dattijon ba tare da wani abin gyara ba. Na gaishe shi, na zauna a kan bencinsa, na kaɗa masa solon nan dai da ya ji a karon farko. Wannan karon ƙafarsa tana bugun ƙasa tun daga farko, da na zo kan jimlar nan mai sauti biyar sai ya ɗan gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To, yanzu ka fara magana, ɗana. Amma a ƙarshen nan kana gaggawa, shi mai kiɗan jira yake yi kaɗan kafin ya sauka." Na ce, "Baba, na saurari wurin ya fi sau ɗari." Ya miƙo hannu ya karɓi jitar, ya kaɗa mini jimlar ƙarshe sau biyu, ɗaya yadda na yi, ɗaya yadda take a faifai. A daren nan na sa iyafis na ware wurin, na kuwa ji jinkirin da yake nufi, ɗan kaɗan ne, bai kai ƙiftawar ido ba, kuma shi nake aiki a kai tun makon jiya.